Dutsen da Joda Ya Shayar

Joda ya shigo Potiskum da sandar kiwo, da matarsa Hawwa'u, da tabarmi da ƙwarya, babu saniya ko ɗaya. Shanun sun ƙare yadda suke ƙarewa a wannan zamani. Wasu ciwon huhu ya kwashe, wasu ɓarayi suka kora, ragowar kuma asibiti ya cinye lokacin da aka yi wa Hawwa'u aiki. Ba ya ba da labarin. In an tambaye shi sai ya ce, "Sun tafi," kamar baƙin da suka zo cin suna.

Suka kama ɗaki a unguwar Yindiski. Hawwa'u ta ga famfo a ƙofar gida, ta ga kemis a bakin layi, ta ce ita kam ta iso, duk mai son daji ya koma shi kaɗai. Shi kuwa Joda gari ya rasa yadda zai yi da shi. Mutum ya haura hamsin bai iya saye ba bai iya sayarwa ba. Ya gwada dillancin shanu a kara, sai ya riƙa buɗe bakin sa yana gaya wa mai saye ainihin shekarunsa. Ba a yi nisa ba dillalai suka haɗu suka roƙe shi, don girman Allah, ya nemi wata sana'ar.

Yana da ƙane a Gadaka, Abdulbaƙi, wanda garkensa ke nan cif. Duk mako sai ya bugo waya.

"Hamma, ka zo ka riƙe mini shanun nan mana. Bare nake biya duk wata. Ai gara in biya ka."

Maganar ba ta da aibi, kuma nan ne ciwonta yake. Joda ne ya goyi Abdulbaƙi a hanyar mashaya, shi ya koya masa tatsa. Yanzu a ce ya bi bayan shanun yaron nan, ƙarshen wata ya tsuguna a miƙo masa lada? Ya gwammace a binne shi da rai. Amma ba a faɗa wa ƙane haka, don haka wata rana ya ce, "Ina da aiki a gari."

"Wane aiki, Hamma?"

Joda ya waiga. A lokacin yana zaune ne a inuwar wata rumfa a hanyar kwata, inda wani tsoho ke taka wani abu yana wasa wuƙa.

"Washi," in ji shi.

Abdulbaƙi ya ce to madalla, amma in kaka ta yi aikin bai kankama ba, zai turo motar da ke kai masa shanu kasuwa ta ɗauko su da kayansu. Joda ya ce to. Ya kashe wayar, ya miƙe ya yi wa tsohon sallama, don ƙarya dai an riga an yi ta, saura a mai da ita gaskiya kafin a girbe gero.

Sunan tsohon Mallam Ari, Babarbare ne da zanensa a fuska. Ya saurari buƙatar Joda har ƙarshe ba tare da ya daina taka ƙafa ba. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa na cewa shi ne ubangijin ɗan'uwansa, kuma Mallam Ari ba mai barin garaɓasa ta wuce shi ba ne.

"Fulata zai koyi aiki a hannuna," ya ce wa dutsen. "Allah mai iko. Me za ka riƙa kira na?"

Joda ya yi ƙasa da murya. "Mallam."

"Ban ji ba. Kunnen ya tsufa."

Sai da ya faɗa da ƙarfi, mai shayin da ke gefe ya shaida, sannan aka nuna masa benci.

Abin aikin ba wani abin kallo ba ne. Dutse ne kewayayye, ja-ja, faɗinsa ya kai faifai babba, an soke shi da ƙarfe a tsakiya an ɗora a kan katako. A ƙasa akwai matakin tsohon keken ɗinki, in an taka dutsen ya juya. Ƙarƙashinsa kuma an kafa ɗan kwami da aka yanko daga gindin duro, cike da ruwa, gefen dutsen na tsoma a ciki yana fitowa a jiƙe. Uban Mallam Ari ne ya taho da dutsen daga Borno a kan jaki, ko kuwa kakansa ne a kan raƙumi, ya danganta da ranar da aka tambaya. Akwai masu injin wuta a bakin kasuwa da ke gama wuƙa kafin ka gama gaisuwa, tartsatsi na tashi, yara na kallo. Amma tsofaffin mahauta nan suke kawo nasu.

Sau ɗaya tak Mallam Ari ya taɓa yin bayani, shi ma don an ɓata masa rai ne. Wani ya kawo wuƙar da injin wuta ya taɓa, bakinta ya yi shuɗi. Ya ɗaga ta ya nuna wa Joda.

"Ka ga wannan? Ya ƙone. Yau zai yanka, gobe zai lanƙwashe. Ruwa ne ke hana ƙarfe zafi. Shi ke nan karatun."

Daga nan koyarwarsa ba ta wuce "taka," "kwantar," "ɗaga" ba, sai tsaki in an yi ba daidai ba. Joda ya sha tsaki. In ƙafarsa ta kama tafiya sai hannunsa ya manta da wuƙa, in hannu ya nutsu sai ƙafa ta tsaya kallo. Yana riƙe wuƙa kamar zai doki maraƙi da ita. Mallam Ari ya tara masa matattun wuƙaƙe da guntayen adduna, ya cinye su ɗaya bayan ɗaya, wata ta koma tsinke, wata ta koma abin da ba shi da suna. Kaifi kuwa a gashin hannu ake gwada shi. Kafin damina ta zauna, hannun Joda na hagu ya yi tabo-tabo babu gashi, har Hawwa'u ta sayo masa maganin makero a kemis. Ya shafa, don bayani ya fi shafawar wuya.

Amma a hankali abin ya fara shiga. Ya gane cewa ba a danna wuƙa, ajiye ta ake yi a bar dutse ya zo ya same ta. Ya gane ƙarar da ke cewa baki ya kwanta daidai, wata siririyar ƙara mai tsawo, da wadda ke cewa ana ɓarna. Ya koyi shafa babban yatsa ya ji ɗan zaren ƙarfen da ke tasowa a ɗaya gefen, alamar a juya. Ranar da ya wasa wuƙar yankan albasa ta mai shayi, Mallam Ari ya duba ta gaba da baya bai yi tsaki ba. Joda ya koma gida ya ci tuwo har da ƙari.

Abu ɗaya ne bai gamshe shi ba. Kullum da yamma in an tashi, Mallam Ari zai zare toshiyar kwamin, ya miƙa ƙafafunsa a ƙarƙashi, ruwan ya zubo masa yana lumshe ido yana murza dugadugai. Daga nan ya sa takalmi ya bar kwami wayam. Joda yakan kau da kai. A inda ya taso, mutumin da ya juya wa kwami baya babu ruwa a ciki ba a ba shi mata. Ya sa abin a lissafin halin Barebari, mutanen da suka taso a bakin tafki ba su san darajar ruwa ba, ya yi shiru don almajirin sana'a ba ya gyara wa malaminsa zama.

Ana tsakiyar damina yanar idon Mallam Ari ta nuna. 'Yarsa da ke aure a Maiduguri ta aiko a kawo shi a cire. Da safen tafiyarsa ya tsaya a rumfa da jakarsa, ya yi wasiyya. Kada Joda ya karɓi aska. Kada ya karɓi almakashin tela. Kada ya ba mai shayi aron bencin, don ba ya dawowa da ƙafafunsa daidai.

"In na dawo na samu mahauta ba su gudu ba, sai mu yi magana," ya ce. "In sun gudu, kai ma sai ka bi su."

Maganar zubar da ruwa bai yi ta ba. Bai zo masa a rai ba cewa akwai ɗan Adam ɗin da sai an gaya masa.

Yammacin farko Joda ya zare toshiya, ruwa mai kalar toka ya tsiyaye a ƙasa, bai sa ƙafarsa ba don shi ƙafarsa lafiyarta ƙalau. Ya ɗauraye kwamin tas. Sannan ya tsai da mai kurar ruwa, ya cika shi fal da sabo, har gefen dutsen ya nutse sosai. Ya tsaya ya dube shi, ransa ya yi sanyi irin wanda rabonsa da shi tun yana da garke. Haka ya riƙa yi kullum. Ran Alhamis ma yakan ƙara, tunda Juma'a ba a aiki, kada a yini da ƙishi.

Shi kuwa dutsen, nauyin matakin keken yakan sa ya tsaya a wuri ɗaya duk lokacin da aka ɗage ƙafa. Gefe guda ne kullum ke kwana a ruwa.

Da farko komai ya tafi daidai. Yaji, wani mahauci mai fiɗa wanda ba ya yabon kowa, ya karɓi wuƙaƙensa ya ce, "To, ba laifi," maganar da Joda ya maimaita wa Hawwa'u har ta haddace. Abdulbaƙi ya bugo, Joda ya ɗora wayar kusa da dutse ya taka, don yaron ya ji da kunnensa.

Sai wata rana wuƙa ta yi ɗan tsalle a hannunsa. Kowane zagaye, tsalle ɗaya. Ya zargi ƙafarsa, ya canja ƙafa. Ya zargi bencin, ya sa masa tsinke. Tsallen bai daina ba, ƙaruwa ma ya yi, har dutsen ya fara wata ƙara, gwaf, gwaf, yana watsa masa ruwa a gaban riga. Joda ya taɓa kiwon gurguwar saniya, ya san ba a tsawata mata, rage tafiya ake yi a bi ta. Sai ya koya wa hannunsa bin ɗingishin, ya sauka in dutse ya sauka, ya tashi in ya tashi. Ya ƙware a wannan ƙwarai, kuma bai amfana wa kowa komai ba.

Yaji ya dawo da safe da fatar sa a kafaɗa. Ya shimfiɗa ta a gaban rumfa ba tare da sallama ba. Huda ce a jere kamar rariya.

"Baffa, wuƙar nan da ka ba ni, nan tana yanka, nan tana hutawa, nan kuma sai ta yi nutso. Wa zai sayi wannan?"

Joda ya ɗaga wuƙar sama ya bi bakinta da ido. Ya yi tudu da kwari. Ya ba da haƙuri. Yaji ya naɗe fatarsa ya nufi wajen masu injin wuta, kuma mahauta ba sa tafiya su kaɗai.

Tsoro ya kama Joda, tsoro na gaske. Gero ya fara fitar da kai. Ya zauna ya yi nazari da iyakar abin da ya sani, ya yanke cewa dutsen ba shi da lafiya, kuma bai taɓa ganin marar lafiyar da aka rage wa ruwa ba. Ya ƙara. Ya samo buhun algarara ya riƙa jiƙa shi yana lulluɓe dutsen da yamma.

A haka Mallam Ari ya dawo, ana gab da girbi, da baƙin tabarau da ido sabo wanda ke ganin abin da bai gani ba shekara da shekaru. Tun daga bakin titi ya ji ƙarar. Ya ƙaraso ya tsaya, jaka a hannu, kansa na bin dutsen sama da ƙasa.

"Wushe, Mallam," in ji Joda, da gaisuwar Barebari ɗaya da ya iya. "An dawo lafiya?"

Mallam Ari ya ajiye jaka ya tsai da dutsen da tafin hannu. Ya danna farce a gefe ɗaya, farcen ya zame. Ya juya shi ya danna a ɗaya gefen, farcen ya shiga kamar a sabulu.

"Fulata. Da yamma me kake yi da ruwan?"

"Ina zubarwa, Mallam." Joda ya gyara tsayuwa, don a nan kam ba shi da abin kunya. "In wanke, in cika da sabo. Tun da ka tafi bai taɓa kwana babu ruwa ba. Ko sau ɗaya."

Mallam Ari ya cire tabarau. Ya dubi Joda da sabon idon, ya dube shi da tsohon, ya mayar da tabarau.

"Kai da kake gani ina zubarwa kullum, me ka ɗauka nake yi?"

"Wanke ƙafa."

Mai shayi ya shige bayan teburinsa ya tsuguna, kafaɗunsa na rawa. Mallam Ari ya zauna a kan benci, ya yi magana a hankali. Dutse in ya kwana a ruwa, inda ya jiƙa laushi yake yi. In aka ɗora ƙarfe, gefen mai laushi ya riƙa cinyewa, busasshen yana nan. Ƙafa kuwa, tunda ruwan zai zube, ai gara ya bi ta kanta.

Joda ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ɗauki sandarsa da ke jingine da ginshiƙin rumfa.

"Ka yafe ni, Mallam. Zan kira ƙanena."

"Ka kira wanda ka ga dama. Amma ba za ka bar mini gurgu ka tafi ba. Ajiye sandan nan."

Gyaran dutse aiki ne na rashin imani. A bar shi ya bushe sarai, sannan a kafa guntun ƙarfe mai tauri a jikin katako, a taka, ƙarfen ya riƙa kankare tudun har ko'ina ya sauko daidai da inda ya fi zurfi. Wato duk lafiyayyen gefen sai ya biya bashin marar lafiyar. Joda ke takawa, Mallam Ari ke riƙe da ƙarfe, jan gari na zubowa a ƙafafunsu. Kowace safiya dutsen da aka taho da shi daga Borno sai ya ƙara ƙanƙancewa, kuma Mallam Ari bai ce uffan ba. Da ya yi zagi da Joda ya fi samun sauƙi.

A gida ya ce wa Hawwa'u ta fara ɗaure kaya, motar Abdulbaƙi za ta shigo ran Laraba da shanun kasuwa, ta koma da su. Ba ta yi musu ba. Ta ɗauki bokiti ta fita wajen famfo, ta daɗe ba ta dawo ba, bokitin kuma ƙarami ne.

Ran Laraba da hantsi ƙarfen ya daina tsalle. Dutsen ya juya shiru, sumul, ya koma kamar murfin tukunya. Mallam Ari ya toshe kwami ya cika shi har baki. Suka sunkuya su biyu suka leƙa. Tsakanin dutse da ruwa akwai sararin da yatsu za su wuce. Ya yi ƙanƙantar da ba ya kaiwa.

Waya ta fara ƙara a aljihun Joda. Direban ne, ya sauke shanu.

Mallam Ari ya miƙa hannu bayan benci ya jawo butar alwalarsa, ya cika ta daga kwamin, ya miƙa wa Joda.

"Yanzu aikin ya zama na mutum biyu. Ɗaya ya taka, ɗaya ya zuba daga sama. In na gaji mu canja. Kai ka jawo, kai za ka zauna."

Joda ya riƙe butar. Ya san abin da ya kamata ya yi, wato ya rufe bakinsa. Amma halin da ya kore shi daga dillanci bai bar shi ba.

"Mallam," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "ai in aka sa bulo ɗaya a ƙarƙashin kwamin, zai taso ya same shi. Ba sai da ni ba."

Mallam Ari ya zaro wata tsohuwar wuƙa ya duba bakinta. A tsallaken titi, daidai saitin sabon idonsa, masu buga bulo na ta jera sababbi a rana, layi bayan layi har bakin kwalbati.

"Babu bulo a garin nan," ya ce. Ya ɗora ƙafa a kan mataki. "Zuba."

Joda ya dubi tsallaken titin, ya dubi tsohon. Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Ya karkata butar da hannu biyu, ruwa ya sauka a kan dutsen.